Fatar Idon da Ta Ɗaga a Asibitin St Alfege: Nazarin Lamarin 1934

A ƙarshen watan Fabrairu na 1934, wata mata 'yar shekara 56 a birnin Landan ta lura jakar cefane ta fara gagarar hannunta. Idan ta durƙusa za ta gyara murhu, sai kanta ya rinjayo gaba, wuya ya kasa riƙe shi. A cikin watan Maris ta kwanta. Muƙamuƙinta ya saki har sai ta tallafe shi da hannu, magana tana lauyewa a bakinta, haɗiya ta zama aiki, ruwan da ta kurɓa wani lokaci ta hanci yake dawowa. Fatar idonta na hagu ta sauko ta ƙi ɗaguwa. Hankalinta kuwa ƙalau. Ƙarfi ne kawai ya gudu.

An kwantar da ita a asibitin St Alfege da ke Greenwich. Ba asibitin koyarwa ba ne, ba kuma inda manyan likitocin Landan ke neman suna ba. Asibitin talakawa ne da ya tsiro daga gidan gajiyayyu. Gano cutar bai yi wuya ba. Likitoci suna kiranta myasthenia gravis, kuma tana da wata alama da ba ta ɓuya: tsoka takan fara aiki da ɗan ƙarfinta, da an maimaita motsi sai ƙarfin ya zube, in an huta ya ɗan dawo. Mai cutar kan tashi da safe da dama-dama, kafin la'asar ido ya lumshe, cokali ya yi nauyi. Tun 1672 Thomas Willis, wani likitan Ingila, ya rubuta labarin wata mata da kan fara magana lafiya lau, in ta daɗe tana yi sai muryar ta ɗauke ɗif, sai bayan awa ɗaya ko biyu ta dawo. A 1895 Friedrich Jolly na Balin ya raɗa wa cutar sunan da ake kiranta da shi yau, ya kuma nuna cewa in aka yi ta tsikarar tsokar mai ita da lantarki, motsin raguwa yake yi a hankali har ya ƙare.

Sanin suna dai bai kawo magani ba. Idan mai cutar ya rasu aka duba gawarsa, sai a tarar ƙwaƙwalwa lafiya, laka lafiya, jijiyoyi lafiya, ita ma tsokar ba wani abin kirki da ya same ta. Abin da likita ke iya bayarwa bai wuce hutu da magunguna biyu, efedrin da gilaisin, ba, su ma taimakonsu kaɗan ne. Da yawa sukan mutu ranar da raunin ya sauka kan tsokar numfashi.

Likitar da ke kula da ita

Mary Broadfoot Walker 'yar garin Wigtown ce a Sikotilan, an haife ta a 1888. Ta gama karatun likita a 1913, ta yi aiki a asibitocin soja a Malta da Salonika lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1920 kuma ta zauna a St Alfege a matsayin ƙaramar likita mai albashi. Ba ta da ɗakin bincike, ba ta da ɗalibai. Wani likitan jijiyoyi, Derek Denny-Brown, yakan zo asibitin lokaci-lokaci ya duba masu larurar da ta fi ƙarfin likitocin gida. Yadda ake ba da labarin, a wata zuwa da ya yi ne maganar matar nan ta taso, ya ce raunin da ke cikin wannan cuta ya yi kama da na wanda aka harba da kurare.

Kurare dafin kibiya ne na mutanen dazukan Kudancin Amurka. Tun a shekarun 1850 Claude Bernard ya gwada shi a jikin kwaɗi a Faransa, ya ga abin mamaki. In ya tsikari tsokar kwaɗon da aka sa wa dafin kai tsaye, sai ta motsa. Jijiyar ita ma tana kai saƙo har ƙarshenta. Amma in ya tsikari jijiyar, tsokar ba ta ko gezau. Ke nan ba jijiya dafin ya kashe ba, ba kuma tsoka ba. A inda suka haɗu ya tsaya.

Tunanin Walker daga nan ya tashi, kuma gajere ne. In cutar ta yi kama da kurare, to wataƙila a mahaɗar nan matsalar take. Kurare kuma an san abin da ke karya shi tun 1900, lokacin da Jakob Pal ya nuna haka a Biyana: wani sinadari mai suna fisostigmin.

Waken Kalaba

Fisostigmin daga ƙasarmu Najeriya ya fito. A cikin wani wake yake, mai duhu, da ke tsirowa a kurmin Kalaba, wanda Efik, mutanen yankin, ke kira esere. A da, da shi suke rantsar da wanda aka zarga da maita ko wani babban laifi: a daka a ba shi ya sha, in ya amayar ya rayu an wanke shi, in ya mutu laifi ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotilan da suka sauka Kalaba a 1846 su suka riƙa aika waken zuwa Edinburgh. A 1855 wani malamin ilimin guba a can, Robert Christison, ya ga ba abin da ya fi sai ya ɗanɗana da bakinsa. Da jiri ya kwashe shi, ba abin da ke kusa sai ruwan sabulun da ya yi aski da shi, shi ya kwankwaɗa ya yi amai ya tsira. A 1864 aka tace sinadarin da ke cikin waken a Jamus. Likitocin ido suka fara amfani da shi, domin yana tsuke ƙwayar ido, daga baya kuma aka riƙa ba masu hawan jinin ido.

An yi shekara sittin ana amfani da shi ba a san yadda yake aiki ba. Amsar ta zo ne daga Graz a ƙasar Ostiriya. A 1921 Otto Loewi ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu cikin ruwan gishiri. Ya tsikari jijiyar da ke rage bugun ta farko, bugun ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma bugunta ya ragu. Lantarki ba ya bin ruwan da aka ɗebo a cikin bututu. Dole wani abu jijiyar ta saki a ruwan. Abin nan shi ne asetilkolin. A 1926 Loewi da abokin aikinsa Navratil suka nuna cewa akwai wani inzayim a jiki, wato sinadarin da ke saurin sarrafa wani sinadari, da ke wargaza asetilkolin nan take, kuma aikin fisostigmin shi ne ya riƙe hannun wannan inzayim.

Sai dai a lura, zuciya Loewi ya yi magana a kai. Zuciya da hanji da makamantansu a hankali suke amsa umarni. Tsokar hannu da ta ido kuwa cikin ƙiftawa suke amsawa, kuma masana da yawa a lokacin sun tsaya kai da fata cewa sinadari ba zai iya wannan sauri ba, lantarkin ne ke tsallakawa daga jijiya zuwa tsoka kai tsaye. A shekarar 1934 ɗin, a ɗaya gefen Landan, a Hampstead, Henry Dale da Wilhelm Feldberg, wanda aka kora daga aikinsa a Balin a 1933 don Bayahude ne, suna kan ƙoƙarin kama asetilkolin a tsokar harshen kyanwa. Ma'auninsu tsokar bayan matsattsaku ce da aka jiƙa da fisostigmin, wadda ke tsukewa in asetilkolin ya taɓa ta. Cikakkiyar hujjarsu, tare da Marthe Vogt, sai 1936 ta fito. Ke nan a lokacin da Walker ta ɗauki sirinji, gardamar ba ta mutu ba.

Allurar da abin da ya biyo baya

A watan Afrilu ta fara yi wa matar allurar fisostigmin a ƙarƙashin fata, kusan miligiram 1, sau ɗaya a rana. Tsakanin rabin awa zuwa awa ɗaya fatar idon hagu ta ɗaga. Hannuwa suka yi ƙarfi, muƙamuƙi ya rage zubewa, haɗiya ta yi sauƙi. Bayan awa 2 zuwa 4 komai ya koma yadda yake. Da ta ɗan ƙara yawan maganin, sauƙin ya kai awa 4 zuwa 5. Da ta sake ƙarawa kaɗan, ya kai awa 6 zuwa 7, amma matar ta ji jiri da karkarwa.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan ba allurar farko ba ce, abin da ta yi bayanta ne. Mara lafiyar da ta yanke ƙauna, in aka soka mata allura aka tsaya a kanta ana kallo, tana iya jin sauƙi ko da ruwa ne a sirinjin. Walker ta san haka, sai ta gwada ruwan. Bai yi komai ba. Ta gwada wasu magungunan: filokafin, da sitiriknin, da adirenalin, da efedrin. Ba wanda ya ɗaga idon. Har asetilkolin ɗin kansa ta yi mata allurarsa, shi ma shiru. Ta ɗauki hotunan fuskar matar kafin allura da bayanta, ta rubuta wasiƙa gajeriya zuwa mujallar The Lancet, aka buga ranar 2 ga Yuni, 1934. A ƙarshen wasiƙar ta ja hankali, ba tare da cika baki ba, cewa wataƙila ba banza ba ne maganin da ya yi aiki ya zama shi ne mai hana inzayim wargaza asetilkolin.

Me ya sa asetilkolin da aka zuba daga waje bai yi aiki ba, amma abin da ke kare na cikin jiki ya yi? A nan ne sai an leƙa cikin mahaɗar.

Saƙon motsi yana saukowa daga laka ta cikin jijiya a matsayin bugun lantarki. Amma jijiyar ba ta manne da tsoka ba. Akwai rata a tsakaninsu, kimanin nanomita 50, wato kashi 1 cikin 20,000 na milimita. Da bugun ya iso bakin jijiya, sai wasu ƙofofi su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki. Shigowarsa ke sa wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke jere a bakin su haɗe da fatar jijiyar su juye abin da ke cikinsu a ratar. Kowace jaka tana ɗauke da dubban ƙwayoyin asetilkolin, kuma gommansu ke juyewa a bugu ɗaya. Bernard Katz da abokan aikinsa a Landan su suka gano a shekarun 1950 cewa a ƙunshe-ƙunshe ake sakin sinadarin, ba kwarara yake yi ba. Ƙwayoyin suna ƙetara ratar su tarar da makarɓai a jikin tsoka. Kowane makarɓi ƙofa ce a kulle, sai ƙwaya biyu sun zauna a kansa yake buɗewa. In ya buɗe, sodiyam ya shiga tsoka, in ƙofofin da suka buɗe sun kai yawan da ake buƙata, sabon bugun lantarki ya tashi a cikin tsokar, ta tsuke. Duk wannan tsallake bai cika kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Masu cewa sinadari ba shi da sauri ba su san ratar ta kai haka ƙanƙanta ba.

Saura rabin aikin, wanda aka fi mantawa da shi: sharewa. A cikin ratar akwai inzayim ɗin nan, asetilkolinestares, kowane ɗaya yana datse dubban ƙwayoyin asetilkolin a daƙiƙa guda, jijiya kuma ta tsince ɓaraguzan ta sake ƙera sabo. Kamar allon almajiri ne: ba a rubuta sabon karatu sai an wanke na jiya. Shi ya sa allurar asetilkolin ba ta kai ko'ina ba, tun a hanya aka cinye shi, domin jini da nama ma suna da masu wargaza shi. Kuma ko da ya isa, ba a kan lokaci zai isa ba. Tsoka ba sinadarin kawai take buƙata ba, tana buƙatar ya zo daidai lokacin da jijiya ta yi umarni.

A jikin mai lafiya, abin da jijiya ke saki ya ninka abin da ake buƙata. Akwai rara. In aka yi ta maimaita motsi, jakunkunan da ke juyewa a kowane bugu suna ɗan raguwa, ga kowa ma haka ne, amma rarar takan rufe. Mai myasthenia makarɓansa ne suka yi ƙaranci, don haka ba shi da rara. Bugu na farko da na biyu su tsallaka da ƙyar, na goma ya gaza. Gajiyar la'asar ke nan, da muryar da ke ɗaukewa a tsakiyar magana. Fisostigmin bai ƙara makarɓi ko ɗaya ba. Jinkirta wanke allon ya yi, asetilkolin ya ɗan daɗe a ratar, ya samu damar zama kan 'yan makarɓan da suka rage fiye da sau ɗaya. Da maganin ya fita daga jiki, inzayim ya koma bakin aikinsa, ido ya sake sauka.

Jirin da karkarwar da suka zo da ƙarin maganin su ma daga nan suke. Ba tsokar ido kaɗai ke amfani da asetilkolin ba: zuciya, hanji, yawu, gumi, hanyoyin iska a huhu, duk da shi ake musu magana. In aka riƙe inzayim fiye da kima, rubutu ya hau kan rubutu har allon ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ke karantuwa. Wannan ne ke kashe wanda ya sha esere bai amayar ba. Shi ne kuma ke faruwa ga wanda fiya-fiya ta shiga jikinsa, domin sinadarin dikulobos da ke cikinta inzayim ɗin nan yake kamawa, kuma ba ya saurin saki kamar fisostigmin. Yawu ya yi ta dalala, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta yi ta rawa sannan ta saki, ƙirji ya cika da majina. Masu yayyafa ta a buhun wake don maganin ƙwari da wannan suke wasa.

Yadda aka karɓi labarin

Wasiƙa ɗaya kan mara lafiya ɗaya, daga asibitin gajiyayyu, daga hannun macen da ba wanda ya san ta, ba ta girgiza kowa ba da farko. Walker ta koma kan wani sabon magani, neyostigmin, wanda kamfanin Roche ya haɗa a 1931 yake sayarwa da sunan Prostigmin. Aikinsu ɗaya da fisostigmin, sai dai shi ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, don haka ya fi sauƙin sarrafawa. A Fabrairun 1935 ta kai wata mara lafiyar gaban taron likitoci na Royal Society of Medicine, ta yi mata allura a kan idonsu. Gani ya kori ji. A shekarar ne Jami'ar Edinburgh ta ba ta babban digirin likita tare da lambar zinariya kan wannan aiki.

Masu bin diddigi sukan ce ba ita ta fara ba, kuma da gaskiyarsu ta wani gefen. Jolly ya ambaci fisostigmin tun 1895 amma ya ji tsoron haɗarinsa. A 1932 Lazar Remen, a Münster ta Jamus, ya yi wa wani mai cutar allurar Prostigmin, ya ga sauƙi na ɗan lokaci, ya rubuta, sannan ya mai da hankalinsa kan gilaisin. A ganina wannan bai rage mata komai ba. Remen ya ga abin ya wuce. Ita ta tsaya ta kore sauran bayanai ɗaya bayan ɗaya, ta kuma faɗi inda take zaton matsalar take, zaton ya zama daidai. Dale da Loewi sun karɓi lambar Nobel a 1936. John Eccles, jagoran masu ra'ayin lantarki, bai sauka daga ra'ayinsa ba sai 1951, bayan gwajin da ya yi da hannunsa a New Zealand ya nuna masa cewa a laka ma sinadari ne ke kai saƙo. Yau an san yawancin mahaɗun ƙwaƙwalwa haka suke aiki, sinadarin ne ke bambanta: gulutamet mai zuga ƙwayar jijiya, GABA mai kwantar da ita, dofamin, serotonin da sauransu. Akwai kuma 'yan mahaɗun da lantarki ke tsallakawa kai tsaye, don haka Eccles bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Abin da allurar ba ta amsa ba

Me ke cinye makarɓan? Walker ta zaci wani abu mai kama da kurare ne ke yawo a jini. Akwai alamar da ke goyon bayan haka: wasu jariran da masu cutar ke haifa sukan zo da rauni, su warke cikin 'yan makonni, kamar wani abu ne suka ɗauko daga jinin uwa ya ƙare. A 1960 John Simpson ya ce garkuwar jiki ce ke juyowa kan makarɓan. Hujja ta zo a 1973, daga wuri biyu. A cibiyar Salk da ke Amurka, Jim Patrick da Jon Lindstrom suka tace makarɓan asetilkolin daga wani kifi mai lantarki suka yi wa zomaye allurarsu, da nufin samun abin bincike kawai. Zomayen suka saki, suka kasa ɗaga kai, kuma irin maganin Walker ya tashe su. A Baltimore kuma Fambrough da Drachman da Satyamurti suka ƙirga makarɓai a tsokar masu cutar, da taimakon dafin wani macijin Taiwan da ke manne wa makarɓi ya ƙi saki, suka tarar sun ragu zuwa ƙasa da sulusin na mai lafiya. A 1975 Klaus Toyka da abokan aikinsa suka ɗebo ƙwayoyin garkuwa daga jinin masu cutar suka sa wa ɓeraye, ɓerayen suka kamu. Lallai akwai abin da ke yawo a jini, sai dai ba dafi ba ne daga waje, jikin ne ke ƙera shi.

Shi ya sa magani a yau kashi biyu ne. Ana ba da firidostigmin, jikan maganin da Walker ta yi amfani da shi, ƙwaya ce da ake sha sau da dama a rana don ta riƙe inzayim. Sannan ana danne garkuwar da firednisolon ko azatayofirin, wasu a cire musu ƙullin taimus da ke bayan ƙashin ƙirji, wanda ke da hannu wajen horar da garkuwar. In rauni ya kai ga numfashi, sai na'urar numfashi da tace jini. Kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda cutar ta game musu jiki ana samun ƙwayoyin garkuwar da ke yaƙar makarɓin asetilkolin a jininsu. A wasu daga cikin sauran, wani furotin ne na daban a mahaɗar, MuSK, ake kai wa hari, abin da aka gano a 2001.

Tunda mai cutar ba shi da rara, duk maganin da ya ɗan taɓa mahaɗar, wanda mai lafiya ba zai ko ji ba, shi yana iya kayar da shi. Allurar jentamaisin tana rage sakin asetilkolin. Kwinin yana ƙara raunin. Magnesiyam salfet, wanda ake yi wa masu ciki don hana jijjiga, yana tare ƙofar da kalsiyam ke shiga bakin jijiya, jakunkunan da za su juye su ragu. Ga mai ciki mai myasthenia, allurar da ke ceton wasu tana iya tsayar mata da numfashi, don haka ake so ungozoma da likita su san da cutar tun ranar awon farko.